Juyin Ango

Motar ta yi gurnani, ta zabura, ta nufi gindin darbejiya gadan-gadan. Adamu ya saki sitiyari ya danne birki da ƙafafu biyu yana salati. Sai da ta tsaya cak, ƙasa ta gama zuba a kan gilas, sannan Shu'aibu ya sauke hannunsa daga jikin ƙofa.

"Wa ya ce ka saki sitiyari?"

"Ƙwacewa ta yi, Baba Shu'aibu."

"Ba ƙwacewa ta yi ba, miƙa mata ka yi. Sauko."

Kwanaki ke nan suna zuwa wannan fili na bakin kogin Binuwai, inda ruwa ya janye ya bar ƙasa a shimfiɗe, tun da safe kafin ranar Garwa ta fara dafa mutane. Adamu ɗan Alhaji Mahmudu ne, kuma yau ake kawo masa amarya daga Kuseri. Yayyen amaryar sun yi suna a wasan mota tun daga Kuseri har Njamaina. Shi kuwa a wajen neman aure bakinsa ya ja masa, ya ce musu su zo Garwa su ga yadda ake juya mota. Suka ce suna tafe.

Shu'aibu ya jawo sandunansa daga kujerar baya, ya zagayo ta gaban motar yana dogarawa. Ƙafarsa ta hagu a gwiwa ta ƙare, an naɗe ragowar wandon an soke da fil. Ya zauna a mazaunin direba, ya ja kujerar gaba, ya dubi ƙasa. Abin takawa biyu ne kawai, totur da birki.

Da can, lokacin da ake kiransa Guguwa, ba abin da ya raina irin wannan mota. Otomatik, in ji shi, motar malalaci ce, wanda yake so a tuƙa shi alhali yana riƙe da sitiyari. Shi da Fijo ya yi suna. Duk bikin da aka yi a unguwar Yelwa ba a ga Guguwa ya zana da'ira a ƙofar gida ba, sai mata su ce an dai ɗaura aure, amma ba a yi biki ba. Sirrin kuwa a ƙafar hagu yake: ka taka kuloci, ka cika inji da wuta, ka sake shi bagatatan, gindin mota ya fita kamar an mare ta. Da girma ya zo sai ya bar wasa, ya kama babbar motar Alhaji Mahmudu, yayan matarsa, yana kai kaya Kuseri. A shekarun da ake binne nakiya a hanya ne, gaba da Mora kaɗan, tayar gaba ta taka abin da ta taka. Kayan Alhaji suka ƙone, ƙafar kuloci ta zauna a can.

"Duba nan," ya ce wa Adamu. Ya danne wani maɓalli har wata 'yar fitila ta kama. "Wannan shi ne wayon da Bature ya sa mata don kada taya ta zame. In ba ka kashe shi ba, kai da ita za ku yi ta gardama. Giya kuma ka jawo ta nan ka kulle ta a ta biyu, in ba haka ba kana tsakiyar juyi za ta canza shawara."

Ya saki birki, motar ta tafi. Ya ɗan karkata ta dama kamar mai fasa tafiya, ya fizgo ta hagu, ya ɗaga ƙafa daga totur na ƙiftawar ido har nauyinta ya koma gaba, sannan ya nutsa ƙafar har ƙasa. Gindin motar ya fita. Sitiyari ya gudana a cikin tafukansa zuwa ɗaya gefen, ya cafke shi daidai inda yake so. Suka zagaya darbejiyar a karkace, hancin motar yana kallon bishiyar kamar an ɗaure shi da igiya, tsakuwa tana tartsatsi a baya. Ya zagaya, ya sake zagayawa. Bai san yana dariya ba sai da ya ji ƙasa a haƙoransa.

Da ya tsaya sai ya ga Alhaji Mahmudu tsaye a inuwa, hannaye a baya, ashe ya jima da zuwa. Alhaji ya aiki ɗansa ya ɗauko masa ruwa a motarsa, ya sunkuyo ta taga.

"Yaron nan zai iya kafin la'asar?"

"Ko kafin baɗi ba zai iya ba, Alhaji. Tsoro yake ji, mota kuwa ta san mai tsoronta."

"Mutanen Kuseri sun riga sun wuce Marwa da motocinsu. Ba zan so su koma suna dariyar gidana ba."

Shu'aibu ya shafa sitiyari. Maganar da ta kwana a bakinsa tun ranar da aka fara koyon ta fito da kanta.

"To, a bar ni in yi mana, a madadin gida. Ai ni ma na gida ne."

"Abin da na zo da shi ke nan," in ji Alhaji. Ya ƙwanƙwasa gilashin baya da ɗan yatsa. Baƙi ne wuluk, ko fuska ka manna ba ka ganin na ciki. "Za a ajiye motar a cikin sito. Adamu ya shiga a gaban kowa, kai ka fito da ita, gilas a rufe. In ka gama ka koma ciki, shi ya sake fitowa. An ɗinka maka riga da hula irin nasa, ko da wani zai hango inuwa."

Shu'aibu ya sauke hannunsa daga sitiyari.

"Bayan biki kuma," Alhaji ya ci gaba, "Hajiyata tana bukatar direba. Motarta irin wannan ce, ba ruwanta da ƙafar hagu. Zaman ya isa haka, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Alhaji."

A gida ya tarar da Ramatu matarsa tana shirin komawa wajen girkin biki, hannu da ƙafa jawur da lalle. Sabuwar rigar tana kan gado a ninke, shadda ruwan madara, da hularta. Gidan ma na Alhaji ne, ɗaki biyu a bayan tsohon shagonsa, tun da aka sallamo Shu'aibu daga asibiti suke ciki.

"Ashe kin sani," ya ce.

"Yaya ya gaya min jiya."

"Kika kuma yi shiru."

"Me zan ce, Malam? Kai dai ka yi ka fito lafiya." Ta ɗaura ɗankwali tana kallon madubi, ba ta kalle shi ba. "Kullum kana zaune a ƙofar gida kana lissafin motocin mutane da ido. Yau an ba ka ka tuƙa, gobe a ba ka aiki. In an ce Guguwa ne, in an ce Adamu ne, duk ba tuwo ba ne."

"Ke ba ki taɓa ganina ina yi ba."

"Na gani. A nan na gan ka na ce sai kai, har Yaya ya yi wata bai yi min magana ba." Ta ɗauki mayafinta. "Ga abin da ya rage mana ke nan daga wancan kallon."

Ta fita. Ya daɗe yana kallon rigar kafin ya sa ta. Ta zauna masa cif, kamar an gwada.

Kafin la'asar filin da ke gaban siton Alhaji ya cika ya batse. An kafa rumfuna, an jera kujeru, maroƙa suna ta yi da Hausa suna juyawa da Fillanci. 'Yan moto sun yi layi a bakin titi suna kallo daga kan baburansu. A sahun gaba akwai manyan 'yan kasuwa, da wani babban jandarma cikin fararen kaya na gida, Alhaji yana ta zuba masa lemo da hannunsa.

Shu'aibu ya bi ta gefe, ya rufa tsohon mayafi a kan sabuwar rigar. A kusurwar sito, inda katanga ta yi inuwa, wata mata ta ajiye kula tana sayar da folere, wato zoɓo, mai sanyi a robobi.

"Guguwa! Jam na?" ta gaishe shi da Fillanci.

Ya tsaya. Cécile ce, 'yar garin Kaélé, wadda ta yi shekaru tana sayar wa direbobi abin sha a tashar manyan motoci. Rabon da wani ya kira shi da wannan suna har ya manta.

"Jam, Cécile. Har nan kika biyo kasuwa?"

"Tasha ta mutu, tonton," ta ce, wato kawu da Faransanci. "Ɗiyata kuma ta shiga lise, makarantar sakandare, littattafai sai ka ce da zinariya aka yi su." Ta miƙa masa roba ɗaya, ta ƙi karɓar komai. "An ce yau ango zai yi wasa. Na ce wa matan can, ku ba ku ga wasa ba, mu muka gani."

"Ki ɗan ja baya da kayanki," ya ce. "Nan kusurwa ce."

"In na bar inuwa ƙanƙara za ta narke. Allah yana nan."

Ya shiga sito ta ƙaramar ƙofar baya. Ciki duhu, zafi kamar tanda, warin buhunan shinkafa da sabulu. Ya zauna a motar yana sauraro. Mutanen Kuseri ne suka fara. Daga kukan tayoyinsu kaɗai ya gane su: ƙarfi gare su, ba natsuwa, suna cin taya a banza. Duk da haka fili ya ɗauka da ihu. Can sai maroƙi ya fara kirarin ango, babbar ƙofa ta buɗe kaɗan, Adamu ya shigo gumi na zuba ta ƙarƙashin hula, ya laɓe a bayan buhuna.

Shu'aibu ya yi bisimilla ya fito da ita.

Hasken ya dake shi ko ta cikin baƙin gilas. Ya auna filin da ido: rumfuna a dama, kujeru a gaba, tsakiya an kafa gangar mai fanko. Ya kashe maɓallin, ya kulle giya, ya ba ta wuta. Juyin farko ya ɗauke shi a faɗaɗe, don mutane su ja baya. Na biyu ya matso har madubin motar yana shafar gangar ba ta motsa ba. Daga nan ya sauya, ya karya ta hagu, ya karya ta dama, tana tafiya a karkace kamar kaguwa, ya zana takwas a ƙasa, ya bi sawunsa ya sake zana shi ba tare da ya kauce ba. Ihun mutane yana shigowa cikin motar kamar ruwan sama a kan kwano. Ya ga mata sun miƙe tsaye, ya ga wayoyi a sama, ya ga 'yan moto suna dukan tankunansu. A ƙarshe ya nufi rumfar amarya a guje, ya ɗaga ƙafa, ya fizgi birkin hannu, motar ta juya ta tsaya a gicciye, taku kaɗan daga dardumar da aka shimfiɗa mata, ko ƙasa ba ta zuba a kai ba.

Yatsansa yana kan maɓallin sauke gilas. Dannawa ɗaya ce. Ya janye hannun, ya juya motar a hankali ya koma sito.

Adamu ya rungume shi, ya taimaka masa ya fito, ya shige, ya sauke gilasai duka, ya fita da ita a sannu yana ɗaga hannu. Shu'aibu ya zauna a kan buhu, ya kanga ido a tsagar ƙofa. Aka ɗaga ango sama, aka yi ta liƙa masa kuɗi a goshi. Wani dattijo da ke zaune kusa da ƙofar, wanda Shu'aibu ya sani sarai, ya ce da ƙarfi:

"Wallahi ko Guguwa a zamaninsa bai yi wannan ba!"

Alhaji ya yi dariya har yana riƙe ciki. "Wace Guguwa? Ai wannan ta daɗe da kwantawa."

Mutanen wajen suka taya shi dariya. Shu'aibu ya janye idonsa daga tsagar. Gumin da ke jikinsa ya huce, ya bar masa sanyi.

Bai jima ba ya ji ihun ya sauya. "Encore! Encore!" Wata murya mai kauri kuma tana cewa, "Tani! Tani!" da Larabcin Kuseri, duk dai a sake ake cewa. Motar ta sake shigowa, amma wannan karon an bar ƙofar a buɗe rabi. Adamu ya diro, ya durƙusa kamar mai duba taya, fuskarsa ta yi fari fat.

"Baba Shu'aibu, Malum ne, yayan amaryata Aisatu. Ya rantse sai na sake, kuma sai ya zauna a gefena ya ga yadda nake yi. Ga shi nan a bakin ƙofa. Me zan yi?"

Tayar baya tana nan dab da hannun Shu'aibu. Da tsinken ashana zai iya sace mata iska, a ce ta yi faci. Zai iya cewa inji ya yi zafi, ko ya zare mabuɗi ya jefa a cikin buhuna. Duk ya gan su a jere a cikin kansa. Sai dariyar Alhaji ta dawo masa a kunne.

"Me kake tambayata?" ya ce. "Ai kai ne gwanin. Yadda ka yi ɗazu, haka za ka sake."

Adamu ya dube shi da irin idon da yake duban Ramatu yana yaro, in ya yi ɓarna yana neman wurin ɓuya. Ya buɗe baki, sai ga Malum ya leƙo yana tafi, ƙato, da farin rawani.

"Yalla, ango! Jama'a na jira."

Suka shiga. Shu'aibu ya lallaɓa ya tsaya a bakin ƙofa. Nan ya ga abin da bai yi tunaninsa ba: bayan juyin farko mutane sun bar kujerunsu sun matso, filin ya tsuke ya koma rabinsa. Ya ɗaga sanda ya yi ihu a ja baya. Ba wanda ya ji shi.

Adamu ya tuna maɓallin, ya kashe shi. Giyar ce ya manta. Ya fizgi motar, gindinta ya fita kamar gaske, har an fara guɗa. Tana tsakiyar juyi sai injin ya sauya murya, ta canza giya da kanta, tayoyin suka kama ƙasa, ta miƙe ta nufi inda hancinta yake kallo. Shu'aibu ya hango hannayen Adamu sun tashi daga sitiyari.

Masu gudu suka gudu. Cécile ta sunkuya za ta ja kularta.

Ƙarar ba ta da yawa. Motar ta matse ta da katangar sito, ta ja baya da kanta kaɗan, ta mutu. Robobin folere suka fashe suka malale, har mutane suka kasa gane wanne ne jini. Fili ya yi tsit, sannan mata suka fasa kuka. Abokan ango suka fizgo shi daga motar suka yi cikin gida da shi. Wayoyi suna sama har yanzu.

Shu'aibu bai san yadda ya isa wurin ba. Ya yar da sandunan, ya zube a ƙasa, ya yage hannun sabuwar rigar ya ɗaure mata cinya da dukkan ƙarfinsa. Kallo ɗaya ya yi wa ƙafar ya kawar da kai, don ya san irinta. Wani mai a-kori-kura da ya kawo kujeru ya matso da motarsa, 'yan moto suka ɗaga ta, suka ɗaga shi, ya riƙe kanta a cinyarsa har asibiti.

Ana kiran magariba yana zaune a kan benci a barandar asibiti, jini ya bushe a gaban rigar. An shiga da ita an sa mata ƙarin ruwa. Likita ya leƙo sau ɗaya ya ce a nemo danginta, ƙafar ba za ta gyaru ba. Shu'aibu ya aiki wani ɗan moto unguwarsu ya kira ɗiyarta.

Sai ga Alhaji ya taho, Ramatu a bayansa, da wani jandarma matashi riƙe da hularsa a hannu. Jandarman ya tsaya nesa kaɗan. Alhaji ya zauna a kan bencin, abin da bai taɓa yi ba, kafaɗa da kafaɗa.

"Duk abin da asibiti ya nema na ɗauka," ya ce. "Matar nan ba za ta rasa komai ba."

"Sai ƙafa."

Alhaji ya haɗiye wannan. Ya sassauta murya.

"Shu'aibu, yaron nan yau aka kawo masa mata. In aka rufe shi yau, mutanen Kuseri da 'yarsu za su koma. Na yi magana da komandan jandarmomi. Ya ce in direban gida ne, mai lalura irin taka, abin ba zai yi tsawo ba. 'Yan watanni ne, kuma ba inda za ka sha wahala."

"Gilas a sauke yake, Alhaji. Garwa duka ta gan shi. Yana cikin wayar kowa."

"Ba waya ke rubuta rahoto ba. Malum zai ce kai ne a gefensa. Rigarka ma ga ta nan, irin tasa ce."

Shu'aibu ya dubi rigar. Ya ɗaga kai ya nemi idon Ramatu. Ta ja mayafi ta rufe baki, hawaye yana bin lallen yatsunta.

"Malam, ni na goya shi," ta ce. "Tun ranar da uwarsa ta rasu."

"Permin tuƙi fa, lasisina?" ya tambayi Alhaji.

"Wannan dole su karɓa."

"To direban Hajiya?"

"Za a duba maka wani abin. Gida dai yana nan, ba wanda zai taɓa ku."

Wata malamar asibiti ta wuce da tire, ƙarafa suna ƙara. Shu'aibu ya so ya ji haushi mai tsabta, irin wanda mutum yake miƙewa da shi ya yi ihu, amma duk inda ya taɓo haushin sai ya tarar da tayar nan ta baya dab da hannunsa, da idon Adamu. Ya yafito jandarman.

"Chef, rubuta. Ni ne."

Jandarman ya zaro biro.

"Amma ka fara daga farko. Juyin da aka yi kafin wannan, wanda aka tsaya a gaban amarya, ni na yi shi. Ka sa wannan ma."

Jandarman ya dubi naɗaɗɗen wandon, ya dubi Alhaji, murmushi ya kusa kufce masa.

"Baba, na farko ba a yi ɓarna ba. Ba ruwanmu da shi."

"Bar wa yaro na farkon, Shu'aibu," in ji Alhaji a hankali. "Surukai suna nan, kada magana ta yi yawa."

Shu'aibu ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya gyaɗa kai. Jandarman ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce mota tana waje. Shu'aibu ya roƙi a bar shi ya leƙa mai jinya tukuna, aka bar shi.

Tana kwance a gadon ƙarshe kusa da taga, an rufa mata zane daga ƙugu zuwa ƙasa, leɓunanta sun bushe sun yi fari. Ƙarar sandunansa ce ta sa ta buɗe ido. Ta hango kakin jandarman a bakin ƙofa, ta dawo da kallonta kansa.

"Kai suka ba laifin?" ta ce.

Ya sunkuyar da kai.

"Na ga fuskar wanda ya buge ni, tonton."

"Ki huta, Cécile. Ɗiyarki tana hanya."

Ta ja numfashi da ƙyar. Fanka tana juyawa a sama ba ta kawo iska. Can ta miƙo hannu ta kama gefen rigarsa.

"Sun ce yanzu za su shiga da ni su cire ta. Kai ka riga ni. Gaya min, in an cire, ciwon yana dainawa?"

Ya dubi hannunta. Tun safe yake cewa haka ne ga duk wanda ya tambaye shi, yanzu kuma bakin ya ƙi.

"Ba ya dainawa," ya ce. "Yatsun da na baro a Mora har yau suna tashe ni daga barci. Mutum ne dai yake gajiya ya daina faɗa."

Ta saki rigar. Ta juya fuskarta wajen bango.

"Da ma ƙarya ka yi min, Guguwa."

Ya tsaya kaɗan ko za ta ƙara wani abu. Ba ta ƙara ba. Jandarman ya ƙwanƙwasa ƙofa da biro. Shu'aibu ya gyara sandunansa a hammata, ya bi tsakanin gadajen a hankali, yana lura kada ya taka ledar ruwan kowa.